Ɗaga bodin Hilux: abin da zai gyara da abin da ba zai gyara ba

Malam, ka ce Hilux ɗinka na gogar ƙasa a hanyoyin ƙauyukan Kaltungo da damina, kana son ɗaga bodi da inci 3. Ɗaga bodi ba ya ɗaga shasi ko aksul. Wasu guntaye masu kauri ake sawa tsakanin bodi da shasi, sai a samu sararin sa manyan tayoyi, kuma tayar ce ke ƙara tazara daga ƙasa. Idan aksul ne ke goga, kit ɗin, wato kayan ɗaga bodin, shi kaɗai asarar kuɗi ce.

Ni dai inci 2 nake ba da shawara. Ko a hakan ma ana iya buƙatar wasu gyare-gyare, da an wuce haka kuwa sai an ƙara tsawon sandar sitiyari, an sauke lagireto don kada fanka ta ci murfinta, an duba tiyon mai da na birki, sandar giya da bamba.

Wajen aikin, a cire kan batir, a sassauta kusoshin bodi duka, sannan a ɗaga gefe ɗaya da jak da katako, a gama shi kafin a taɓa ɗayan. Kada ka yarda a sa guntun bututun ruwa a madadin guntayen kit ɗin, ko kusoshin kasuwa, sai kusoshi masu lambar ƙarfi 8.8 ko sama. Bayan ɗan tafiya a sake ɗaure su.

Sitiyari da birki kuwa ka kai wa ƙwararren bakanike a Gombe, kuma kar a yi wa sandar sitiyarin walda. Motar za ta ƙara tangaɗi a kwana, don haka ka rage gudu a hawan Tula.