Amsoshin Tambayoyinku: Mazubin Ruwan Sukari da Tsuntsayen da Ke Ƙaura a Satumba

Tun da watan Agusta ya kama, saƙonnin 'yan'uwa mazauna Amurka suka karkata kan ɗan tsuntsun nan da ake kira hamingbad, mai tsayawa cak a iska yana tsotsar fure. Lokacin ƙaurarsa ne zuwa kudu, shi ya sa ake ganinsa a harabar gidajen da bai saba leƙawa ba. Ga wasu daga cikin tambayoyin.

Wata uwa daga Houston: "Assalamu alaikum. Maƙwabciyata ta rataya wani jan mazubi a barandarta, tsuntsayen nan suna ta zirga-zirga, yara sun hana ni sakat sai na sayo namu. Na je kanti na tarar da iri-iri: na gilashi mai ado da tsada, na roba mai kama da faranti, ga kuma wani jan ruwa a kwalba da aka ce abincinsu ne. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kina zaune a kan hanyarsu, don haka kuɗinki ba zai tafi a banza ba. Irin da ke ratsa Houston mafi yawa shi ne mai jan maƙogwaro, wanda shi kaɗai ne ke hayayyafa a gabashin Amurka. Nauyinsa kimanin giram 3 ne, amma kafin tafiya sai ya ci ya tara kitse har ya kusan ninka nauyin nan, saboda wasunsu suna ƙetare Tekun Meziko, tafiyar kusan kilomita 800, ba tare da sun sauka ko'ina ba. Gaɓar tekun Texas nan ce tasharsu ta shan mai. Garin Rockport ma biki yake yi musu duk watan Satumba, idan kuna da hali ki kai yara su sha kallo.

Batun mazubi kuwa, ki bar ido ya huta, ki tambayi hannunki. Ki ɗauki kowanne ki gwada buɗe shi a nan cikin kantin. Wanda ya rabu gida biyu cikin sauƙi, yatsanki ko ɗan buroshi ya kai kowane lungu nasa, shi ne naki. Yawanci mai kama da faranti ne ke cin wannan jarrabawar. Ba ya ɗiga, iska ba ta girgiza ruwan ya zube, kuma ƙudan zuma ba ya iya kai bakinsa ga ruwan da ke ƙasa, alhali dogon harshen tsuntsun yana kaiwa. Na gilashin nan mai siririn wuya yana da kyau a hoto, amma bayan mako guda za ki hango baƙin funfuna a cikinsa, ki rasa yadda za ki kai gare shi. Mai kwalba a kife ma, idan rana ta buge shi iskar ciki takan kumbura ta turo ruwa waje, sai ki wayi gari rina da kiyashi sun yi masa dandazo.

Ki ɗauki ƙarami. Babban mazubi yaudara ce, domin ba za su shanye ba kafin ruwan ya lalace, ke kuma za ki riƙa jin ƙyashin zubarwa.

Jan ruwan kwalbar nan ki bar musu kayansu a kanti. Abin da tsuntsun ke buƙata yana cikin kicin ɗinki: farin sukari kofi ɗaya, ruwa kofi huɗu, ki motsa har ya narke, idan da ruwan zafi kika haɗa ki bari ya huce. Shi ke nan. Wannan haɗin ya yi kusa da zaƙin ruwan furen da suke sha a daji. Launin ja da ke jikin mazubin ya isa ya jawo hankalinsu, rinin da ake zubawa a ruwan ba shi da wani amfani a cikinsu. Na san halin mutanenmu, za a ce ai zuma ta fi lafiya, ko a ce bari a sa mazarƙwaila tunda ba ta sha inji ba. Kada ki yi. Zuma da aka tsinka da ruwa tana saurin haifar da ƙwayoyin cuta masu kama musu harshe, sukari mai duhu kuma yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da jikinsu ba ya jurewa. Sukarin masu ciwon suga shi ma babu abin da zai ba su, za su cika ciki ne da zaƙin da ba ƙarfi a cikinsa.

Aikin da ya fi sayayyar nauyi shi ne canjin ruwa. Satumbar Houston zafi ne, kuma ruwan sukari a zafi kamar zoɓon da ya kwana a waje yake, kafin ki ankara ya yi tsami. Ki canza duk kwana biyu, ranar da aka yi tsananin zafi kullum. Da kin ga ya fara gurɓacewa ya daina sheƙi, kin riga kin makara. Duk canji ki wanke da ruwan zafi, ki goge ƙananan ramukan da suke zura baki, ki ɗauraye sosai. Ragowar haɗin ki sa a firiji, yana kai mako guda. Idan kin san ba za ki iya wannan hidimar ba, gara ki sayi tukunyar fure mai ja mai siffar kakaki, irin su salbiya, ki ajiye a baranda. Fure ba ya tsami.

Kiyashi kuma maganinsa ɗan kofin nan ne da ake cika shi da ruwa a saƙala a saman mazubi, ba ya iya ƙetarewa. Wasu mazuban ma da shi ake ƙera su. Kada a shafa mai ko baslin a igiya, yana ɓata gashin tsuntsu, kuma kada a fesa maganin ƙwari kusa da wurin, domin ƙananan ƙwari da gizo-gizo su ne naman da tsuntsun ke haɗawa da ruwan furen.

Wani magidanci daga Columbus, jihar Ohio: "Abokin aikina ya ce in sauke mazubina da zarar Satumba ta shiga, wai idan suna samun abinci ba za su tafi ba har sanyi ya kashe su. Sannan akwai wani guda ɗaya da ya mamaye wurin, duk wanda ya zo sai ya kore shi. In sayi mai ramuka da yawa ne?"

Malam, abokin aikinka da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ba haka take ba. Abin da ke tayar da su tafiya raguwar tsawon yini ne, ba ƙarewar abinci ba. Suna barin wurare da furanni cike a gabansu. Mazan ne ke fara tafiya, tun ƙarshen Yuli zuwa Agusta, sai mata da 'ya'yan bana su biyo baya, kowa shi kaɗai, ba a garke ba. Wanda ka gani yau wataƙila ba shi ne na shekaranjiya ba, wani ne da ya taso daga Kanada ya yada zango a wurinka. Waɗanda suka makara su suka fi buƙatar mazubinka, saboda a lokacin furanni sun fara ƙarewa. Ka bar shi a rataye har sai ka yi mako biyu cur ba ka ga ko ɗaya ba, wanda a Ohio yakan kai ka cikin Oktoba. Ka ci gaba da canza ruwan ko da ba ka ga mai sha ba, sai dai da sanyi ya shigo za ka iya tsawaita zuwa kwana huɗu ko biyar.

Shi kuma wannan mai mamayar, halinsu ne, ƙanƙanta ba ta hana su faɗa ba. Zai samu reshe ya zauna yana gadi, ramuka goma ma duk nasa ne a ganinsa. Kuɗin babban mazubi ka raba shi ka sayi ƙanana biyu ko uku, ka rataya ɗaya a gaban gida, ɗaya ta gefe, yadda ba zai iya hango su duka daga wuri ɗaya ba. Ka nemi inuwa. Ka kuma kula da taga: ko dai mazubin ya matso jikinta kamar mita ɗaya, ko ya yi nesa da ita sosai, don tsakatsakin nan ne ke ba su damar ɗaukar gudu su yi karo da gilashi. Idan akwai kyanwa a unguwa, a ɗaga shi sama, nesa da duhuwar da za ta laɓe.

Wani ɗalibi daga Bronx: "Ina son in fara kallonsu sosai. In tara kuɗi in sayi madubin hangen nesa ko kyamara?"

Ɗan'uwa, kada ka sayi ko ɗaya bana. Idan ka tsaya shiru kusa da mazubi ko fure, da kansu za su matso har ka ji ƙugin fukafukan, waɗanda ke kaɗawa kusan sau 50 a daƙiƙa guda. Wayarka tana da ɗaukar bidiyo mai rage gudu, ita za ta nuna maka abin da ido ba ya kamawa. Ka sauke manhajar Merlin ta Jami'ar Cornell, kyauta ce, tana taimakawa wajen gane iri. Kuma tunda ɗakin haya a bene mai tsawo ba lallai su hau ba, ka tafi lambun tsirrai na New York da ke nan Bronx, da sassafe, ka tsaya inda jajayen furanni suke. Idan baɗi sha'awar tana nan, ka nemi madubi mai lamba 8x32 ko 8x42, ka duba cewa yana iya fito da abu sarai daga nisan mita biyu. Wannan ya fi ƙarfin jawowa muhimmanci ga tsuntsun da ke zuwa gabanka.

Wani daga Kano: "Na ga bidiyonsu a Facebook sun burge ni. Zan yi odar mazubin ta intanet, ko kuma in sa ƙanina da ke can ya taho mini da guda biyu in kiwata."

Alhaji, ka riƙe kuɗinka, ka kuma rufa wa ƙaninka asiri. Hamingbad iri sama da 300 ne, dukkansu a nahiyar Amurka suke, daga Alaska har ƙarshen kudu, babu ko ɗaya a Afirka, don haka mazubin zai shekara a rataye ba baƙon da kake jira. Kamawa kuwa laifi ne a can, dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana kama su ko ajiye su ba da izini ba, balle a fita da su. Ko da ba doka, tsuntsun da sai ya ci abinci duk bayan 'yan mintoci ba zai kai filin jirgin Kano da rai ba.

Amma kana da naka a gida. Sha-kauci, ɗan tsuntsun nan mai lanƙwasasshen baki da namijinsa ke ƙyalli a rana, shi ma ruwan fure yake sha, sai dai shi yakan sauka a reshe ya sha maimakon ya tsaya a iska. Ba danginsu ɗaya ba, sana'a ce ta haɗa su. Kuɗin odar nan ka kai wa masu sayar da furanni, ka ce su ba ka masu dogon fure ja ko ruwan lemo, ka dasa inda kake shan iska, ka ajiye ɗan kasko na ruwa a inuwa kana canza shi kullum saboda sauro.