Kafadokiya da guzuri kaɗan: in hau balan-balan ko in taka da ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je Istanbul saro kaya a watan Oktoba, kuma ina da rarar kwana uku. Ina son ganin duwatsun Kafadokiya, wani yanki a tsakiyar ƙasar Turkiyya, amma kuɗin hannuna ba yawa. In tattara su in hau balan-balan ɗin nan mai ɗaukar mutane, ko kuwa? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka haƙura da balan-balan. Babu abin da ya kai shi cin kuɗi a wannan tafiya, alhali shawagin kusan awa ɗaya ne kacal. Ranar da iska ta yi ƙarfi kuma hukuma tana hana tashi, mai kwana uku sai ya komo bai hau ba. Ka idar da sallar asuba ka hau tudun da ke bisa garin Goreme na Kafadokiya, za ka ga tashin balan-balan ɗin tun ana hura musu wuta.

Abin da ya cancanci wahalar zuwa yana ƙasa, cikin kwaruruka. Tokar da duwatsu masu aman wuta suka zubar ce ta daskare, ruwa da iska suka yi ta zaizayarta har suka bar dogayen duwatsu masu hula, kai ka ce rumbunan gero ne aka jera. Dutsen yana da laushin sassaƙa, shi ya sa mutane suka fafe ɗakuna da coci-coci a cikinsa. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1985.

Ka shiga motar dare daga Istanbul. Tafiyar awa 10 zuwa 12 ce, ka ga ka huta da kuɗin masauki na dare guda. Ka sauka a Goreme, don daga nan ƙafarka ta ishe ka. Fara da Kwarin Tattabaru, wajen kilomita 4 zuwa garin Uchisar. Ka ɗaga kai ka dubi ƙananan ramukan da aka huda a jikin dutse: ɗakunan tattabaru ne, manoma suna kwashe kashinsu su yi takin gonakin inabi. Jan Kwari kuwa sai bayan la'asar, lokacin da rana ke fito da jan dutsen sosai. Nan ne ba na son ka yi gaggawa.

Wurin da ba zan ce ka yi tsimi ba shi ne takalmi. Ƙasar tana da santsi a gangara, silifas ba zai kai ka ba. Ka riƙe rigar sanyi kuma, yankin ya haura mita 1,000 a tudu.

Tambaya: Ni da mahaifiyata za mu je, tana fama da ciwon gwiwa. Mu sayi tikitin garin ƙarƙashin ƙasa na Derinkuyu? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: A'a, Hajiya, kada ki kai ta. Zurfinsa ya kai kimanin mita 85, hanyoyin matsattsu ne, wasu sai an sunkuya. Ku ɗauki mota zuwa Pashabag, inda ake sauke mutum dab da duwatsun, daga nan ku wuce garin Abanos, Mama ta zauna ta kalli maginan tukwane a bakin aiki.