Ƙanenki na kaso yana ta neman kuɗi: amsar wanda ya kwana can

Hajiya, na ga tambayarki: ƙanenki ya yi wata biyu a kaso, tun yana waje tramol yake sha, yanzu kullum aike yake a kawo masa jikka biyu, jikka uku. Kina so ki san ko ki riƙa ba shi, ko ki ƙyale zaman ya raba shi da ƙwayar. Ni ɗan kabu-kabu ne nan Tahoua, na yi wata 14 a ciki, kuma da tramol a jikina na shiga.

Kaso ba ya raba mutum da ƙwaya. Tsada kawai take ƙarawa. Ana cusa ta cikin burodi ko ƙwallon fura, wanda ke da kuɗi kuwa ba ya rasawa.

Kwanakin farko su ne azaba. Tramol na asibiti miligiram 50 ne ko 100, likita ba ya wuce 400 a yini. Wanda muke saye a tasha 225 ne, ni sai na haɗiye huɗu da shayi kafin azahar. Kwana ɗaya da yankewa sai zufa, zawo, hamma, ƙafafu su ƙi zama wuri guda, barci ya ƙaurace. Kwana na uku ya fi kowanne muni, bayan mako jiki ya fara saki. To a wannan makon ne wani zai matso ya ce: "Karɓi, ka biya in an zo ziyara." Nan bashi ke farawa. Ina kyautata zaton kuɗin da ƙanenki ke nema ba na abinci ba ne, bashi ne ya hau kansa. Wanda ake bi bashi a ciki ya zama bawa: shi ke wanki, shi ke zubar da bokitin dare, ya sayar da rabon tuwonsa, ya sayar da wurin kwanansa ya koma bakin ƙofa. Akwai abin da ya fi haka da ake yi wa yara sababbin shiga, ba zan faɗa gaban iyayenmu mata ba.

Na ga wani yaro ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki, aka ce aljanu. Ba aljani ko ɗaya, tramol in ya yi yawa farfaɗiya yake tayarwa. In ya haɗu da diyazefam, ƙwayar sa barci, kuwa, numfashi ne ke tsayawa cikin barci. Ga wiwi, kara guda baki goma, a ɗaki mai taga ɗaya, wani na ta tari. Ni da tarin fuka na fito, sai da na sha magani wata shida, kyauta ne alhamdu lillahi. Ƙazuwa kam kowa ya yi ta.

Kada ki ba shi kuɗi a hannu. Ki kai abincin da ba ya lalacewa da wuri, gari, ƙuli-ƙuli, sabulu, da rezarsa shi kaɗai, don reza guda ta aske kai biyar hanyar ciwon hanta ce. Ki zauna da shi ki tambaye shi nawa ake bin sa, ba da faɗa ba. In ya faɗa, a biya sau ɗaya gaban sarkin ɗakinsu, wato ɗan kason da ke shugabancin ɗakin, kowa ya ji an rufe. Ki nemi ganin ma'aikacin jinyar gidan, ki gaya masa gaskiya; in tari ya wuce mako biyu a gwada majinarsa.

Kuma ki fara tunanin ranar fitowa tun yanzu. Wanda ya jima bai sha ba, in ya koma kan adadinsa na da, jiki ba ya ɗauka, mutuwa ce kusa. Ni yayana bai bar ni na koma fadarmu ba, garkar albasa ya tura ni wajen Galmi har rani ya wuce. Wani abokina sai da aka kai shi Pavillon E, sashen masu taɓin hankali a babban asibitin Yamai, kafin hankalinsa ya dawo. Ranar ziyara ki tafi da mama in tana iyawa. Tawa sau biyu ta zo, ba ta ce komai ba, kallo na kawai ta yi.