Tambayi Likita: Fatar ƙanwata na ta yin tauri, wai ba kuturta ba ce, to mene ne?

Salamu alaikum Likita. Dan Allah ina da tambaya a kan ƙanwata, matar aure ce da yara uku. Abin ya fara ne da yatsunta, in ta sa hannu a ruwan sanyi ko lokacin hunturu sai su yi fari fat, can su koma shuɗi-shuɗi suna mata zogi, daga baya suka kumbura, yanzu fatar ta ɗame tana sheƙi ko dunƙule hannu ba ta iyawa, bakinta ma ya tsuke, ga dabbara-dabbarar fari da baƙi a goshi da ƙirji, ga ƙwannafi kullum dare. Dangin mijinta sun ce kuturta ce har an ware mata kwano, wasu kuma sun ce sammu ne. A asibitin koyarwa an ce mana sunansa sikiloroderma. Me ke kawo shi? Kuma ana ɗauka?
Wata yaya daga Zariya

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya ya saka miki da alheri da kika tsaya mata. Kafin komai, a mayar mata da kwanonta cikin na mutane. Ba a ɗaukar wannan ciwo, ko ta abinci ko ta taɓawa ko ta kwanciyar aure. Kuma ba kuturta ba ce, kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta kuma wurin da ta kama mutuwa yake yi ko an tsira allura mutum ba ya ji, ita kuwa ƙanwarki kin ji da bakinki zogi take fama da shi.

Abin da masu bincike suka gano shi ne abubuwa uku ne ke haɗuwa su rikice a jiki, kowanne yana zuga ɗan'uwansa. Alamu sun fi nuna cewa daga ƙananan jijiyoyin jini ake farawa. Wannan canza launin yatsu da kika faɗa wani likitan Faransa, Maurice Raynaud, ya bayyana shi tun 1862, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na masu wannan ciwo suna da shi, sau da yawa ma shi ke riga taurin fata zuwa da watanni ko shekaru. In likita ya ɗiga ɗan mai a gindin farce ya leƙa da madubi mai ƙara girma, a mai lafiya zai ga siraran jijiyoyi a jere reras kamar an tsara su, a mai wannan ciwo kuwa sai ya ga wasu sun kumbura sun yi ƙato-ƙato, wasu sun fashe sun bar ɗigon jini, wasu wuraren kuma fayau babu jijiya ko ɗaya. Shimfiɗar da ke cikin jijiyar ce ke samun rauni, sai ta riƙa fitar da wani sinadari mai suna endotelin da ke matse jijiya, jini ya ragu, naman wurin ya rasa iska.

Sai garkuwar jiki ta shigo, kuma ta shigo a ruɗe. Maimakon ta yaƙi baƙo sai ta juya kan na gida, shi ya sa in aka gwada jinin kusan duk masu ciwon ake samun antibodi, wato makaman da garkuwar jiki ke ƙerawa, da ke kai hari ga abin da ke cikin ƙwayoyin halittar mutum shi kansa. Ƙwayoyin garkuwar nan suna taruwa a gefen jijiyar da ta ji rauni suna ta aika saƙon a kawo gyara, babban mai kai saƙon kuwa shi ne sinadarin TGF-beta.

To wa ke karɓar saƙon? Wasu ƙwayoyi ne da ake kira faiburoblas, su ke saƙa kolajin, wato zaren da ke ɗinke rauni ya zama tabo. A mai lafiya da zarar ciwo ya warke sai su dakata. A nan ba sa dakatawa. Kamar ki kira magini ne ya yaɓe miki tsaga ɗaya a bango, ya gama amma ya ƙi ajiye cokali, ya yi ta yaɓe har ya toshe taga ya toshe ƙofa. Shi ne taurin fatar, kuma shi ne dai ke faruwa a bututun abinci har ya kasa tura abinci ƙasa ya kasa tare ruwan ciki, ƙwannafin nan kenan, haka ma a huhu wani lokaci da zuciya.

Akwai gwajin da ni har gobe yake burge ni. A farkon shekarun 1970 wani likita a Amurka, Carwile LeRoy, ya yanko ɗan guntun fatar masu ciwon ya raini ƙwayoyin faiburoblas ɗin a faranti a ɗakin gwaje-gwaje, nesa da jikin mai su, babu jininsa babu garkuwarsa, amma suka ci gaba da zubo kolajin fiye da na masu lafiya, har 'ya'yan da suka haifa a farantin ma haka. Kinga kenan ƙwayar ta riga ta koyi halin. Daga baya kuma aka gano cewa taurin naman shi kansa yana ƙara tunzura su, wuri ya yi tauri su ƙara saƙa, su ƙara saƙa wuri ya ƙara tauri.

Batun sammu kuwa Hajiya, addu'a ba ta taɓa yin yawa, a yi ta yi, amma kar ta hana zuwa asibiti, domin watannin da ake ɓatawa ana yawon neman wanda ya yi mata, huhu ne ke biyan kuɗinsu.

* * *

Dakta barka da aiki. Ni ɗalibi ne ina karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Shin gadon sikiloroderma ake yi? Kuma ta yaya ake binciken ciwon da ba a ga ƙwayar cutarsa ba?
Wani ɗalibi daga Kano

Yawwa ɗana, tambayar ta yi. Ba a gadonsa kai tsaye yadda ake gadon sikila. A 2003 an wallafa wani bincike a Amurka a kan tagwaye, aka tarar a cikin tagwayen da ɗaya ke da ciwon, ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne ɗayan ma yake da shi, kuma tagwaye masu kama ɗaya sak ba su wani fi sauran ba. Da gado ne zalla da ba haka za a gani ba. Abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa, an gano wurare da dama a ƙwayoyin gado irin su HLA da STAT4 da IRF5, kuma ka lura kusan dukansu na garkuwar jiki ne. Sai wani abu daga waje ya zo ya kunna. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba, wajen ninki huɗu ko fiye. Sannan a Amurka an ga baƙar fata yana kama su da ƙuruciya kuma ya fi yi musu tsanani musamman a huhu, har aka kafa wani shiri na musamman mai suna GRASP don nazarin ƙwayoyin gadonsu. Wannan ya shafe mu, kuma ina ganin abin takaici ne a ce yawancin abin da aka sani game da ciwon a jikin baƙar fata daga can aka samo shi, ba daga asibitocinmu ba. Ku ne za ku cike wannan giɓi.

Yadda ake binciken kuwa, da fatar marasa lafiya da jininsu da ɓeraye. Akwai wani irin ɓera da aka ba da rahotonsa a 1976 daga ɗakin binciken Jackson a Amurka, ana haifarsa da ɗamammiyar fata saboda tangarɗa a ƙwayar gado ta fibirilin, wani zaren da ke cikin ginin fata. Sannan a 1999 Yamamoto da abokan aikinsa a Japan suka nuna in aka yi ta yi wa ɓera allurar bleomycin, wani maganin daji, a ƙarƙashin fata kullum na wasu makonni, fatar za ta yi kauri ta yi tauri. Sai dai fa ɓera ba mutum ba ne, babu ɓeran da ke haɗa duka ukun nan, wato raunin jijiya da ruɗewar garkuwa da taurin nama, yadda suke a jikin ɗan Adam, shi ya sa magunguna da yawa suka yi aiki a ɓera suka zo kan mutane suka faɗi.

Tunda kai ɗan leb ne riƙe sunayen antibodi uku, kowanne da sunan abin da yake kai wa hari a cikin ƙwayar halitta ake kiransa. Mai kai hari ga sentiromiya yawanci yana tafiya da nau'in da taurin ke tsayawa a hannu da fuska, amma a sa ido kan hawan jinin jijiyar huhu can gaba. Mai kai hari ga topo'aisomares, wanda ake rubutawa Scl-70, shi ne mai tafiya da tabon huhu. Na uku mai kai hari ga RNA polimares III, shi kuma ƙoda ake ji wa tsoro, kuma a kansa ne aka yi wani bincike mai ban mamaki a jami'ar Johns Hopkins a 2014. An daɗe ana lura wasu masu wannan antibodi ana gano musu ciwon daji kusan lokaci guda da fara taurin fata. Sai aka duba ƙullutun dajin mutum 8 daga cikinsu, a 6 aka sami canji a daidai ƙwayar gadon da ke ƙera wannan sinadari, wato POLR3A, a masu sauran antibodi kuwa ko ɗaya ba a samu ba. Fassarar da suka yi ita ce garkuwar jiki ta taso ne don ta yaƙi dajin, sai faɗan ya wuce gona da iri ya afka wa lafiyayyen nama. A wani rukuni ne kawai, ba kowa ba, kar wani ya karanta ya tsorata. Amma ya nuna abin da muke kira ciwo ɗaya wataƙila ƙofofi daban-daban ake bi a shige shi.

* * *

Likita mu aikinmu haƙar zinare da niƙa dutse. Wani ya ce min ƙurar tana sa fata ta bushe ta yi tauri. Gaskiya ne?
Wani magidanci daga Zamfara

Gaskiya ne Malam, kuma ba yau aka sani ba. Tun 1914 wani likita a Sikotlan, Byrom Bramwell, ya lura da ciwon a hannun masu sassaƙa dutse, sannan a 1957 wani likita mai suna Erasmus ya ba da rahoton yawansa a tsakanin masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu. Ƙurar silika ce, wani sinadari da ke cikin dutse da yashi, in ta shiga huhu ƙwayoyin garkuwa su haɗiye ta su kasa narkar da ita, su mutu, wasu su sake haɗiya, haka wutar za ta yi ta ci shekara da shekaru. Ba kowa ke kamuwa ba, ciwon ba shi da yawa, abin da ya fi saurin kama mai aikinku shi ne tabon huhu na silika da tarin fuka, ga kuma gubar dalma da kuka ga abin da ta yi wa yara a 2010. Ku riƙa jiƙa dutse da ruwa wajen niƙa, yana rage ƙura ƙwarai, a nemi takunkumi na gaske ba ƙyalle ba, kuma kar a kai niƙa cikin gida. Sinadaran narkar da fenti da wanke ƙarfe su ma an alaƙanta su da ciwon. A Sifen ma a 1981 gurɓataccen man girki ya kwantar da mutum kimanin 20,000, wasunsu suka ƙare da taurin fata mai kama da wannan.

* * *

Dan Allah wannan ciwo na sikiloroderma yana da magani? Matata wani mai kemis ya ba ta firedinisolon ta ji daɗinsa sosai, mu ci gaba?
Wani mai gida daga Maraɗi

Alhaji ku je wurin likita a cikin makon nan, kar ta ƙara yawansa, kuma kar ta yanke shi farat ɗaya da kanta. Wannan magani da 'yan'uwansa irin su dekza da ake sha don ƙiba, a wannan ciwon suna da haɗari na musamman, bincike ya nuna daga miligiram 15 zuwa sama a kullum yana ƙara yiwuwar ƙoda ta tsaya kwatsam tare da mummunan hawan jini. Ku sayi na'urar awon jini ku riƙa aunawa a gida, in ya haura ko ta fara ciwon kai mai tsanani ko fitsari ya ragu, asibiti a ranar ba gobe ba.

Maganin da zai tumɓuke shi gaba ɗaya ba a kai gare shi ba tukuna, amma kar ka ɗauka binciken nan a banza yake tafiya. A da in ƙoda ta rikice irin haka, cikin mutum 100 da ƙyar 15 ke cika shekara, da aka fara amfani da maganin hawan jini captopril da danginsa sai adadin ya haura 70, kuma magani ne mai araha da ake samu a ko'ina. Yanzu huhu ne babban abin tsoro, shi ma akwai maganin mycophenolate, sannan a 2019 Amurka ta amince da nintedanib bayan gwaji a kan mutum sama da 500 ya nuna yana rage saurin lalacewar huhu da kusan kashi 44 cikin 100, a 2021 aka ƙara tocilizumab. Dashen ɓargon mutum da nasa ƙwayoyin ya taimaki wasu masu tsanani, sai dai yana da haɗari. A Erlangen ta Jamus kuma su likita Georg Schett sun gwada ɗebo ƙwayoyin garkuwar mara lafiya a sauya musu hali a leb a mayar, su share masu ƙera antibodi ɗin nan, rahotonsu na 2024 mutum 15 ne, 4 kacal masu wannan ciwo, sakamakon ya ba da fata amma da sauran tafiya, ga tsada ta fitar hankali.

Abin da ke hannunku yanzu, ku nemi a tura ta wurin likitan gaɓoɓi da garkuwar jiki a babban asibiti, a yi mata awon numfashi da hoton zuciya ko da ba ta haki, a maimaita duk shekara. Safar hannu da ta ƙafa da hunturu, wanki da wanke-wanke da ruwan ɗumi, a guji hayaƙin taba. Nifedipine na taimaka wa yatsu, omeprazole na taimaka wa ƙwannafi amma likita ne zai rubuta, a ɗaga kan gado, a ci abincin dare da wuri. Ta riƙa shafa man kaɗanya tana motsa yatsu tana buɗe baki tana rufewa safe da yamma, in gyambo ya fito a kan yatsa kuma kar a tsaga kar a ƙona, a kai a duba.