Me ya hana jiragen sojan ruwa aiki da gas?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai gyaran injin jirgin ruwa ne a Yauri, jihar Kebbi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ake ta mayar da motoci kan gas, kuma na ji an ce wasu jiragen yaƙi injin gas gare su. Me zai hana sojan ruwanmu su koma gas, ga shi Allah ya hore mana shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Sunan ne ya rikita zancen. Injin da ake kira na gas a jirgin yaƙi, wato tabain, dizal yake sha. Yakan zuƙi iska ya matse ta, a fesa mata mai a kunna, sai zazzafar iskar ta fita da ƙarfi ta juya fukafukai, kamar yadda ruwan Kainji ke juya injinan lantarki. Wannan iskar ce "gas" ɗin. Tabain ɗan'uwan injin jirgin sama ne.

Mu ma muna da shi. Jirgin yaƙinmu NNS Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya fara aiki a 1982, an sa masa tabain biyu na Rolls-Royce da injin dizal biyu. Tabain ba ya cin wuri, ga ƙarfi, ga saurin tashi, amma in ana tafiya a hankali shan mansa ya wuce misali. Shi ya sa ake sintiri da dizal, sai gudu ya kama a kunna tabain. Kai da kake gyara za ka gane ɗaya matsalar: gishirin da ke cikin iskar teku na cin fukafukan, gyaransu kuma ba na kowane makanike ba ne.

Gas irin wanda ake sarrafawa a Bonny ta jihar Ribas kuwa, sai an sanyaya shi zuwa digiri 162 ƙasa da sifili kafin ya zama ruwa. Tankinsa na cin wuri kusan ninki biyu na dizal, alhali jirgin yaƙi na buƙatar wurin don makamai da sojoji. Kuma jirgi ne da ake harbi. In tankin ya fashe, ruwan nan take zai koma iska mai kama wuta. Ga wahalar ƙara masa gas a tsakiyar teku.

A ganina in za a koma gas, a fara da jiragen da ke jan manyan jirage a tashar Legas da Fatakwal, waɗanda kullum suke kwana kusa da wurin cika tanki.