Wace furosesa da madabod zan saya da kuɗi kaɗan?

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa kwamfutar gida don rubuce-rubuce, kallon bidiyo da karatun yara, kuma kuɗin hannunka ba su da yawa. Ni dai da ni ne, a ɓangaren furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, AMD Ryzen 5 5600G zan ɗauka. Ƙwayoyin aikinta shida ne, kuma sashen hoto yana cikinta, don haka ba sai ka sayi katin hoto daban ba, wanda shi ne ke cinye kuɗi. Ka kula da harafin G ɗin nan sosai. 5600 marar G ba za ta nuna komai a allo ba sai an sa mata kati.

Madabod kuwa, wato faifan da ake haɗa dukkan kayan kwamfutar a kai, nemi mai mazaunin furosesa na AM4: samfurin A520 ya wadatar, B550 in da hali. B450 ma yana yi, sai dai wanda ya daɗe a shago kan buƙaci sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kafin ya gane furosesar. A kunna maka shi a gabanka kafin ka biya.

RAM ɗin, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, nau'in DDR4 ne. Sayi 8GB guda biyu maimakon 16GB guda ɗaya, domin sashen hoton daga nan yake aro, kuma biyu sun fi ba shi sauri. Ragowar canjin ka sa a UPS, na'urar batir mai riƙe kwamfuta na ɗan lokaci, saboda ɗauke wutar nan tamu.