Amsa kan ziyarar Wat Pho a Bankok

Malam, ka tambaya ko baƙo zai iya shiga Wat Pho, wurin ibadar mabiya addinin Buda a Bankok, babban birnin Tailan, da irin kayan da ake sawa. Ana shiga, kuma ba wanda zai sa ka rusuna wa komai. Kaftani da wando sun wadatar, dai a rufe kafaɗa da gwiwa. Takalmi kuwa sai an cire a ƙofar ɗakin da mutum-mutumin Buda yake kwance, mai tsawon mita 46.

Abin da nake roƙonka: kada ka miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin ko wajen sufayensu, wato malaman addinin Buda, babban raini ne a wurinsu. In da uwargida za ka je, kada ta taɓa sufi ko ta miƙa masa abu hannu da hannu. Ka je da sassafe, kafin rana ta take.